Kilo Biyu

Ana sallame la'asar Memuna ta miƙo mini ƙunshin:
yaji, daddawa, busasshiyar kuɓewa,
da kwalba biyu ta shito, baƙi wuluk, mai ya taso bisa.
"Mumuni ɗan gidan Isaka zai tashi yau da dare.
Ka kai masa, ya kai wa Adisa.
Kada ka kife shi, kada ka jingina,
kada kuma ka tsaya hira."

Ankara, wanda bai ankara ba
sai ya kwana a mahaɗar Zangon Madina yana ɗaga hannu.
Yaron mota ya leƙo, rabin jiki a waje,
yana juya yatsa kamar mai dama kunu:
Sakul! Sakul!
Na faɗa torotoro, na sami kujerar gefe mai naɗewa,
wadda mai ita bai mallaki zamansa ba:
duk mai sauka, sai ka sauka,
duk mai hawa, sai ka miƙe.
Sau shida na taka ƙasa kafin Legon,
ƙunshi a ƙirji kamar jaririn suna.

Canjina sidi biyu na tsakanin yatsun yaron.
Na tuna masa da Hausa,
ya ba ni haƙuri da yaren Tonawa.

A Shiyashi ruwa ya kece, hanya ta sandare.
Taga ta ƙi rufuwa, kafaɗata ta sha nata rabo.
Sai ga jirgi ya ratsa bisa kanmu, ƙasa-ƙasa,
cikinsa fari kamar na tarwaɗa.
Shekara talatin ina jin wannan ruri daga kan keken ɗinki,
ban taɓa sanin launin kujerarsa ba.
Irinsa ne ya haɗiye Adisa,
ko gyatsa bai yi ba.

Torotoro ba ya shiga filin jirgi, ya san matsayinsa.
Ya zubar da ni a bakin titi.
Ɗan tasi ya faɗi kuɗinsa, ladan ɗinkin riga uku;
na gode masa, na naɗe ƙafar wando,
na hau motar da Allah ya ba ni tun haihuwa.

Ƙofar gilashi tana buɗe kanta ga kowa,
amma mai gadi ya ce sai mai tikiti.
Na tsaya a waje ina ɗiga.
Mumuni ya karɓa, ya shiga, ya daɗe,
ya fito yana share gumi:
"Baba Fuseni, ma'auni ya ƙi.
Kilo biyu ya hau."
Yaji ya wuce, daddawa ta wuce, kuɓewa ma.
Kwalaben Memuna, kwana biyu a kan gawayi,
suka dawo hannuna.

Ƙarfe goma, hanyar komawa, jan wuta jere har iyakar gani.
Kowa ya yi shiru irin na yunwa.
Wata mai talla ta ratso tsakanin motoci da dokunu mai zafi,
hannaye suka fita ta taga.
Dattijuwar kusa da ni ta shinshina, ta dube ni,
ta dubi cinyata.
Ban san lokacin da na murɗe murfin ba.

Kwalba ta bi layi, baya zuwa gaba,
daga ma'aikaciyar asibiti zuwa birkila,
daga ɗalibi zuwa direba, wanda ya lashe yatsa ya buga ham.
Wani ya tambayi sunan mai haɗin.
Na faɗa, mota ta maimaita.

Da na shiga gida Memuna ta ƙirga da ido.
"Ɗaya ta dawo. Ina ɗayar?"
Na ce, "Ta yi tafiya.
Ba ta ƙetare teku ba,
amma ta raka mutum goma sha takwas gida."

Ta daɗe tana kallona.
Sai ta ce, "To, canjina fa?"